Ɗan Akuyar Mama Hulda

Ni ce Keziya, sakatariyar ƙungiyar mata masu citta ta Madakiya, kuma tun kafin masu dubawa su zo daga Abuja na ja wa kowa kunne: ba kyauta. Ko ƙwai ɗaya. Na faɗa da Hausa, na faɗa da yarenmu, har a coci bayan sujada na miƙe na sake faɗa.

Kwangila muke nema, ta garin cittar da za a riƙa sa wa cikin ƙunshin shayin sojoji. Mu ke nomawa, mu fasa, mu shanya, amma kullum 'yan kasuwa ke cin moriyar. Sayayyar soja kuwa ba cinikin kasuwar Kafanchan ba ce. Mun aika samfur Abuja an gwada, wani kwamiti ya zauna a kanmu ya miƙa wa na samansa, shi kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai an zo an ga wurin da ido. Wannan zuwan ne kaɗai ya rage mana. In suka ce a'a, duk wahalarmu ta bi ruwa.

Shugabarmu Mama Hulda tsohuwa ce mai kirki, ga taurin kai. Da na gama jawabina sai ta ce, "Na ji, 'yata." Ni na san Mama. In ta amsa da sauri haka, akwai abin da take ƙullawa.

Ranar Talata motarsu ta iso. Shugabar tawagar wata siririyar mace ce, Manjo Nafisa, da maza biyu farar hula. Matan zumuntar coci suka tarbe su da waƙa da kiɗan tulu. Suka duba injin niƙa, suka shinshina buhuna, suka tambayi inda muke wanke hannu. An yi musu faten acca, suka yi godiya suka ƙi ci. Ruwa ma nasu suka sha. Mata suka ji ciwo, amma da Manjo ta yi murmushi wajen sallama, hankalin kowa ya kwanta.

Muna tsakiyar rawa sai ga motar ta dawo. Direba ya buɗe baya, wani baƙin ɗan akuya ya diro da igiya a wuya, yana kuka kamar an ci amanarsa.

"Mun kusa Kafanchan ya fara magana," in ji Manjo. "Na wane ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama Hulda kuwa ko a jikinta, ta fito tana gyara zani.

"Nawa ne, yanzu kuma naki. Tun da uwata ta haife ni ban ga baƙo ya bar gidanmu hannu wofi ba. Abinci kun ƙi. So kike a ce matan Madakiya ba su da tarbiyya?"

"Mama, dole in rubuta wannan a rahoto. Kyauta tana iya kashe takardarku gaba ɗaya."

Masu tulu suka ajiye tulu.

Manjo ta matso kusa, ta rage murya. "Mama, in na ci naman nan, gobe na zo na tarar citta ta yi fumfuna, da wane baki zan faɗa? Yaranmu ne a daji za su sha."

Mama ta dubi Manjo.

"Autana Gershon soja ne," ta ce. "Yana Borno." Sai ta kwance makulli daga bakin zaninta. "Zo, 'yata. Akwai ɗakin da ba ku gani ba."

Siton baya take nufi. Kwanonsa na yoyo, buhunan da ke kusa da bango sun jiƙe, shi ya sa ya kwana a kulle, kuma ba wanda ya tambaya. Mama ta buɗe da hannunta, ta nuna ramin kwanon, ta ce a rubuta. Manjo ta rubuta akuya, ta rubuta yoyo, ta rubuta wanda ya buɗe ƙofa. Da suka tafi na ce, "Mama, kin kashe mu." Ta ce in je in nemo mazajenmu.

Washegari maza suka hau rufi, har da Babayo makiyayi, maƙwabcinmu, wanda ya zo da tsaninsa. Muka zubar da jiƙaƙƙiyar citta ina ƙunƙuni. Ɗan akuyan da ya jawo fitina shi ya ciyar da masu aiki, kuma gaskiya ya yi daɗi.

Bayan wasu makonni aka kira ni daga Abuja. An amince, da sharaɗin za a riƙa zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba. Na ruga gidan Mama ba takalmi, ina dariya ina hawaye. Ban ƙarasa bayani ba ta saki guɗa, mata suka fito daga kowane lungu, wata da muciya a hannu.

Cikin hayaniyar nan Mama ta ce in kira mata Gershon. Layi na yankewa, ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji.

"Gershon, kana ji na? In an ba ku shayi ka ji ya yi yaji, kada ka yi ƙorafi. Ka shanye duka. Uwarka ce ta shanya cittar."