Zanen da Ba Shi da Ƙadangare

Mai Tabarau mutum ne mai sauƙin kai a kan komai, ban da ɗakinsa na sama. A shago sai ka ɓata masa rabin yini kana gwada gilashi, ka fita ba ka sayi komai ba, ya raka ka bakin ƙofa da fara'a. Amma ka kuskura ka hau matakalar nan da kofin shayi a hannu, ranar za ka san yana da murya. Ruwa ba ya shiga ɗakin, biro ba ya shiga, jikoki kuwa ko a mafarki. Matarsa takan ce ita ma sai ta wanke hannu ake barinta ta leƙa, sai ka ce ɗakin tiyata.

Kuma ba a ga laifinsa ba. A ɗakin nan ya tara tsofaffin littattafan barkwanci na garuruwa daban-daban, irin waɗanda ake bugawa a takarda mai araha don a yi dariya a yar. Shi ya bi su kwararo-kwararo ya ƙwato su daga bakin gara, ya ɗinke musu bango da hannunsa. Ga kuma jaridun da, waɗanda ya adana saboda zanen barkwancin shafinsu na baya.

A cikin masu zanen, gwaninsa shi ne wanda ake kira Ƙadangare. Mutumin bai taɓa sa hannu a aikinsa ba. In ya gama zane tsaf, sai ya ɗora wani ɗan ƙadangare a kusurwa yana gyaɗa kai, shi ne alamar an kammala. Ainihin takardun da ya zana kuwa duk sun salwanta, don masu ɗab'i da su suke goge tawada a hannu. Guda ɗaya tak ta tsira, Mai Tabarau ya tsinto ta a kwandon shara ranar da aka rufe maɗaba'ar. Zanen wani babban jami'i ne mai tumbi yana yanke zaren buɗe sabuwar gada, kogin kuma yana can gefe yana wucewa abinsa. Ba a taɓa buga zanen ba, kuma babu ƙadangare a jikinsa. Wannan takarda ita ce ran Mai Tabarau, ko hasken rana ba ya yarda ya taɓa ta.

Wata safiya wata mata ta shigo shagon riƙe da hannun wani tsoho tukuf.

"Kawu, an ce kana ajiye zanen mahaifina," ta ce. "Shi ne Ƙadangare. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bai sake magana ba, ko murmushi ba ya yi. Na ce bari in kawo shi ya gani, ko Allah zai sa."

Mai Tabarau ya cire tabaransa ya goge, ya mayar. Mutumin da ya kwashe rabin rayuwarsa yana bin sawun alƙalaminsa ne tsaye a gabansa, maɓallin rigarsa a karkace. Sai ya durƙusa ya gaishe shi. Shi da 'yar suka tallabe tsohon har sama, ya ma manta da zancen wanke hannu.

Ya buɗe masa jaridu ɗaya bayan ɗaya. Tsoho ya dube su kamar yana duban bango. Da komai ya ƙi, Mai Tabarau ya jawo aljihun tebur ya fito da zanen gadar, ya shimfiɗa a gabansa.

Nan idon tsohon ya tsaya. Ya bi tumbin jami'in da kallo, ya bi kogin, ya gangaro kusurwar da ba komai. Sai ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro wani tsohon alƙalamin tawada.

"Kullum ina cika masa shi, ba ya yarda a fita ba tare da shi ba," 'yar ta ce da sauri. "Ya sha ba mu labarin zanen nan. Editansu ne ya tsorata, ya fizge shi daga tebur tun bai gama ba. Baba, kawo alƙalamin, kayan mutane ne."

Hannun tsohon yana rawa kamar ganye. Mai Tabarau ya matso kusa da teburin. Abin da zai yi ba wuya, ya janye takardar kawai, kuma babu mai zarginsa. Har ya miƙa hannu. Sai ya ga yadda yatsun tsohon uku suka kama alƙalamin daidai inda fatarsu ta yi kanta.

"Ƙyale shi, Malama," ya ce. "Nasa ne."

Abin da yake tsoro kuwa shi ya faru. Tawada ta ɗiga, baƙa ƙirin, ta zauna a kusurwar takardar. Mai Tabarau ya runtse ido. Da ya buɗe, sai ya ga bakin alƙalami ya shiga cikin ɗigon yana jan sa. Ya ja wuya, ya ja gadon baya, ya fitar da ƙafafu huɗu kowace da inda ta dosa, ya ƙare da jela a karkace. Ɗigon ya zama kai. Ƙadangare ne tsoho, rawar hannun ta sa kamar da gaske yake gyaɗa wa jami'in kai. Mai Tabarau bai taɓa ganin gwaninta irin wannan ba.

Tsohon ya ja baya ya ƙare wa aikinsa kallo. Kafaɗarsa ta fara motsi, sannan dariya ta kufce masa, wata busasshiya mai haɗe da tari. 'Yar ta toshe baki da mayafi tana kuka.

Daga ƙasan matakala matar Mai Tabarau ta ɗaga murya. "Na haɗa wa baƙi shayi, su sauko ko?"

Mai Tabarau ya dubi tawadar da ba ta gama bushewa ba, ya dubi tsohon da har yanzu yake dariya.

"A'a," ya ce. "Hawo da shi nan."