Sunan Kawu a Bakin Direba

Tayar mota ta fashe mana a tsakiyar jan daji, rana ta take, ga shi yau ake binne Kawu. In ba mu isa kafin yamma ba, matarsa Inna Nakamarra ba za ta ga an sa shi a ƙasa ba.

Na birkice bayan motar kaf. Safaya na nan, ƙarfen ɗaga mota babu. Na hau titi, na sauko, na sake hawa. Inna tana zaune a ɗan inuwar motar, farar ƙasar makoki a fuskarta, ko kallona ba ta yi.

A wurinmu, mutum ya mutu, sunansa ya bar bakin mutane, har duk abin da ke amsa sunan sai a ce masa Kumanjayi. Kawu kuwa Jak ne sunansa. Yanzu da aka daɗe ina iya faɗa.

Can sai ga motar shanu. Direban Bature ne, jibgege. Na tare shi, ba damar faɗin sunan ƙarfen, ina ta famfo da hannu kamar mahaukaci.

Ya ce, "Ruwa kake so, abokina?"

"Kumanjayi na mota," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na me?" Ya leƙa tayar. "Au, jak? To ka ce jak mana. Mutum da bakinsa."

Kunya ta kama ni, na kasa waiwayar Inna.

Muna cikin ɗaga motar sai na ji muryar Inna a bayanmu tana yi wa direban magana. "Kai yaro, me ya sa kuke kiran ƙarfe da sunan mutum?"

Direban ya sosa ƙeya. "Wai a da can, duk baran da ba a damu da sanin sunansa ba, haka ake ce masa. Da ƙarfe ya karɓi aikin bara, sai ya gaji sunan."



"Haka mai garken shanu ya laƙaba wa mijina ranar da ya ɗauke shi aiki," ta ce. "Ku yi ta faɗa, ba nasa ba ne. Wanda uwarsa ta raɗa masa ni kaɗai na rage da sani."

Ni da na girma a gidansa ban taɓa tambaya ba, yanzu kuma ba halin tambaya.

"Ɗaure tayar nan, Jangala," ta ce mini. "Kar su rufe shi ban zo ba."