Takardun da Ba Su da Rubutu

Iliyasu ɗan Hamidu mai balangu ya dawo Garwa hutu a daminar 1978, bayan shekara huɗu a Faransa, da akwati guda da wani dogon gwangwani da ba ya bari kowa ya taɓa. Unguwar Hausawa ta ɗauka likita ya karanto. Da aka ji taurari ne, sai tsofaffi suka ce "Allah ya sa albarka" da muryar da ake yi wa mara lafiya sannu.

Mahaifinsa ne kaɗai ya zaunar da shi a zaure ya ce ya faɗa masa da Hausa.

"Baba, akwai wasu manyan fitilu can ƙuryar sama," in ji Iliyasu. "Haskensu ya kamo hanya tun halitta tana sabuwa. Tsakaninmu da su kuwa akwai wata iska siririya, ana ce mata haidurojin, a warwatse kamar gajimare a filin da ke tsakanin gungun taurari. Duk gajimaren da hasken ya ratsa sai ya haɗiye wani yanki nasa. Mafi ƙarfin hasken ma, wanda ke iya fasa ƙwayar iskar, in ya faɗa gajimare mai kauri ba ya fitowa ko kaɗan. Aikina shi ne ƙirga abin da ya ɓace a hanya."

Malam Hamidu ya ce, "Wato kamar garken da ya taso daga Adamawa. Kowane gari ya yanki nasa, in ya iso sai ka san ta inda ya biyo."

"Haka ne, Baba."

"To, aiki ne," in ji tsohon, da alfahari a fuskarsa.

Da Iliyasu ya buɗe gwangwanin a wannan zaman, da babu abin da za a ba da labari. Amma ɗan boko yana da wata cuta: gani yake wanda bai shiga lakwal ba, wato makarantar boko, bayanin baki ya ishe shi. A ciki akwai takardu arba'in, kowace tsawon hannu. Babu harafi ko ɗaya a jikinsu, sai zare guda na tawada yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, kuma kowane rami a zaren gajimare ne da ya ci haske. Na'ura ce ta zana su daga wasu faya-fayan gilashi masu ɗauke da hoton hasken, waɗanda aka aro daga wata ƙasa, an kuma riga an mayar. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya auna. In bai auna sauran ya kai Faransa a watan Oktoba ba, gwamnati za ta rufe masa karatu ta kira shi gida, digirin dokta ya bi ruwa.

Ana haka sai kawunsa ya rasu a Ngong. Ya tafi gaisuwa a gurguje, ya bar takardun shimfiɗe a ƙasan ɗakinsa, ya danne su da duwatsu. Kwana biyu ya yi. A rana ta farko aka tafka ruwa da hantsi, rufin ya fara yoyo, yayarsa Karimatu ta shiga da gudu ta kwashe komai kafin ɗigo ɗaya ya taɓa su.

Gidan Malam Hamidu kuwa yana da doka. Shekara talatin yana gasa nama a bakin tashar mota, bai taɓa naɗe wa mutum nama a takarda mai rubutu ba, na ajami ne ko na boko, don wa ya san inda sunan Allah yake? 'Yan uwansa mahauta suna amfani da tsohuwar jarida suna masa dariya, shi kuwa buhun siminti yake yankawa, ya cire wajen tambarin. Saboda haka Karimatu ta ware takardun kashi biyu. Masu rubutu, har da tikitin jirgi da takardar wanki da jaridar bara, ta jera su a adaka ta sa kwaɗo. Masu zane ta kai wa Baba. Tsohon ya ɗaga kowace a rana, ya duba gaba da baya, bai ga ko alifi ba. Ya yi murna da farar takarda mai kauri irin wannan, ya sa wuƙa ya raba kowace gida huɗu.

Da Iliyasu ya dawo, Karimatu ta tare shi tana murmushi, ta miƙa masa makulli. "Ga karatunka nan, ƙanena, ko ɗaya bai jiƙe ba."

Ya buɗe adakar, ya tona har ƙasa. "Yaya, masu zanen fa?"

"Waɗannan na banzan? Suna wajen Baba."

Ko takalmi bai tsaya gyarawa ba. Ya isa tasha ya tarar da mahaifinsa yana barbaɗa yaji a kan takarda ta ƙarshe, mai ya ratsa ta har ana ganin yatsu ta baya. Sauran sun shiga motocin Marwa da Ngaundare tun jiya. Iliyasu ya ɗaga murya a kan mahaifinsa a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Tsohon ya ajiye wuƙar.

Washegari ba a hura wuta a bakin tasha ba. Direbobi suka ga Malam Hamidu, da furfurarsa da girmansa, yana bin kwata da bayan rumfuna a sunkuye, yana tsintar abin da mutane suka ci suka yar. Wani ya gaishe shi da Fulatanci, "Baaba, jam na?" Ya ci gaba da tsintarsa.

Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar ɗakin ɗansa, shi da bai taɓa neman izinin shiga ko'ina a gidansa ba. Ya durƙusa ya jera guntaye goma sha ɗaya a tabarma. Ya kankare musu laka da yaji da bakin wuƙa a hankali, ya miƙar da su da tafin hannu. Tawadar ta narke a cikin man, babu zare, babu rami, sai dabbare-dabbare.

"Na duba har bakin gada," in ji shi. "Waɗannan na samu. Za su isa, Iliyasu?"

Iliyasu ya dubi takardun, ya dubi gwiwoyin wandon mahaifinsa da suka yi baƙi da taɓo. Kunya da baƙin ciki suka kama shi. Bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba.

"Za su isa, Baba. Su ne ma masu muhimmancin."

Tsohon ya sauke numfashi, ya ce alhamdulillahi sau uku, ya dafa bango ya miƙe ya fita. Iliyasu ya jira har ya daina jin takunsa. Sannan ya jawo farar takarda, ya fara rubuta wa ma'aikatar ilimi wasiƙar neman aikin koyarwa a lise, makarantar sakandare ta Garwa.