Ƙwallayen Aduwa Tara

La'asar ta yi, zafin bazara bai sauka ba, sai wani gajimare guda da ya tsaya can wajen Barmu kamar ya manta inda za shi. Alƙasum na hawa tudu a hankali, ƙwallayen aduwa bakwai na kaɗawa cikin aljihunsa. Bai iya rubutu sosai ba, don haka duk yaron da ƙyanda ta kama a garinsu sai ya jefa ƙwallo ɗaya a aljihu. Na bakwai na ɗiyarsa Zaliha ne.

Tun da masu bindiga suka ƙone eriyar waya, aka kuma hana hawa moto mai ƙafa biyu, a kan tudun nan kaɗai ake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Majo Raƙiya, ma'aikaciyar jinya a asibitin Tawa, ta ce gobe motar allura za ta fito da rakiyar soji, kuma garin da ya sanar kaɗai za ta tsaya.

"In masu bindiga suka gan ka da waya can bisa, cewa za su yi soji kake kira," in ji matarsa Ramla da zai fito. Ya taɓa goshin yarinyar ya tafi.

A bisa tudun ya ɗauki muryarsa a waya don aika wa Majo, ya ɗaga hannu sama. Saƙon ya ƙi tafiya. Ya juya gabas, ya hau dutse, shiru. Sai ya zauna yana kallon kwari, inda zafi ke rawa kamar ruwa, har ya ga kamar Zaliha ce ke wasa a ciki, jikinta sumul.

Inuwa ta rufe shi. Raƙumi ne, bisansa mutum da rawani har ido. Alƙasum ya yi saurin ɓoye wayar.

"Samari, wa kake kira?"

"Likita, Baba. Ƙyanda ce." Ya zaro ƙwallayen ya nuna masa.

Mutumin ya sassauta rawani. Ashe Isuhu ne, dattijon makiyayi da ke kai cuku kasuwar Barmu. Ya daɗe yana duban tafin hannun.

"Bakwai? Ka ce tara. Akwai biyu a zangonmu, bayan rijiya."

Alƙasum ya sake ɗaukar murya, ya ce tara, ya faɗi rijiyar.

"Miƙo. Kai gajere ne, rezon ga bisa yake yawo."

Dattijon ya miƙe tsaye kan sirdi, ya ɗaga wayar sama, a fili, inda duk mai ido a kwarin zai gan shi. Raƙumin na tuƙa abinsa. Can wayar ta yi ƙara siririya, saƙo ya tafi.

Dattijon ya sauko da ita ya miƙa masa, ya kaɗa akala ya gangara. Kafin Alƙasum ya buɗe baki, sai ƙugun raƙumi yake hange.

A gindin tudun Alƙasum ya tsaya ƙarƙashin aduwa, ya tsinci ƙwallo biyu, ya zuba aljihu.