Yadda Na Tsallakar da Haruna

Ni ne Kofur Ɗanliti na Tarauni, wanda harsashi ya yi wa rantsuwa ya ƙare da kaffara. Na shiga yaƙin basasa da ƙafa biyu, na fito da ƙafa biyu, ko farce ban baro a kudu ba. Wanda bai yarda ba ya zo in tuɓe riga ya nemo tabo.

A shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki su koma bariki, ana tsakiyar zafin bazara, na je aski shagon Ashiru a Gyadi-Gyadi. Na tarar ya girke talabijin a kusurwa da wani ɗan akwati da suke ce wa gem. 'Yan acaba sun jingine baburansu a inuwa, sun cika benci, suna yaƙi a cikin gilashi.

Ashiru na kankare mini ƙeya, ni ina kallo ina dariya.

"Kai Ashiru, wannan bindiga ce ko kaskon gugguru?"

Wani ɗan acaba mai suna Inuwa, bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu, ya ce, "Baba Kofur, wannan ta fi irin taku. Ba ta ƙarewa."

"Ai na gani. Ba ta cijewa, ba ta zafi, ba ta naushin kafaɗa. Mu tamu in ruwan sama ya taɓa ta sai ka lallashe ta kamar jaki a bakin rafi. Kuma ina wari? Yaƙin da ba ya wari ai biki ne."

Suka bushe da dariya. Ina shirin ƙara musu wata sai hoton ya canza.

Kogi ne, da gadar katako doguwa, da itatuwan kwakwa a ƙetare. A bakin gadar ga wani ɗan soja dogo, hula a karkace, hannun riga a naɗe. Da ya zabura, ƙirjinsa ya riga ƙafafunsa, kamar wanda aka kira cin tuwo. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan gudu: Haruna ɗan Gaya, abokina, wanda muka sha ruwa a hular kwano ɗaya.

A irin wannan gada muka rabu. Da wuta ta buɗe daga ƙetare, ni na yi abin da mai hankali yake yi, na kwanta bayan wani kututture, na manna kunci da laka har ta lafa. Shi ya sa yau nake shan koko. Haruna kuwa ya miƙe ya nufi ƙetare. Ya kai tsakiya. Kogi ya ɗauke shi, ko hularsa ba mu samu ba.

A gilashin ma ɗan sojan ya kai tsakiya ya faɗi. Sai ga shi ya sake bayyana a bakin gada, garau, hularsa a karkace.

Na ce, "Ya tashi?"

Ashiru ya ce, "Rai uku gare shi, Baba. In sun ƙare a sake daga farko."

"Miƙo mini abin nan."

Suka ba ni abin riƙewar, wanda suke kira hannu. Na ɗora ɗan alina a kan maɓalli. Inuwa ya ce da babban yatsa ake yi. Na ce ya nuna mini wanda ya taɓa harbi da babban yatsa tun da aka ƙera bindiga.

Ana cikin haka Ashiru ya ce, "In za ka koya ka yi sauri. Wanda ya ba ni hayar shagon nan ya ci kansila, zai mai da wurin ofishin jam'iyya. Gem ɗin ma na sayar wa wani a Unguwa Uku, ran Juma'a bayan an sauko masallaci zai ɗauka."

Na ce a raina, kafin Juma'a sai Haruna ya taka ƙetaren kogin nan.

Kullum da hantsi sai in sa hula in taho. Ina kai shi bakin gada, wuta na buɗewa, yatsana da kansa yake kwantar da shi. Harsasai su riƙa wucewa ta samansa jajaye, a hankali, kamar garwashin da iska ta kwaso. Ko ɗaya bai taɓa shi ba. Ina murmushi ina cewa su zo su ga aikin manya. Can sai wata ƙara ta tashi, ɗan sojan ya yi juyi ya mutu a kwance.

"Wa ya harbe shi?"

"Ba kowa," in ji Inuwa. "Ka ga agogon can a sama? Lokaci ne ya ƙare."

Na ɗaga kai na dubi agogon. Na ce, "To, wannan kam gaskiya ce. Ita kaɗai ce gaskiya a akwatin nan."

"Baba, kawo in tsallakar maka, ka je ka huta."

"A hannunka ɗan tsana ne, ɗan nema. Je ka ɗauki fasinja."

"Wai da haka kuka ci yaƙin? A kwance?"

"Da haka na ga auren uwarka."

Benci ya kwashe da ihu, har Ashiru ya kusa yanke kunnen wani malamin asibiti.

Da azahar ta yi sai in koma gida in kishingiɗa a zaure. Zafi ya sa bango yana rawa. Ina lumshe ido sai kogin ya shigo Tarauni, shuɗi tas irin na gilashi, ba mai launin kunun kanwa da na sani ba. Ya bi layi yana ɗaga fastocin 'yan takara, kawunan alhazai suna yawo a kan ruwa suna murmushi. Gadar ta taso daga bakin ƙofata ta miƙe har Gyadi-Gyadi. Haruna na tsaye a kai yana yafito ni, bai tsufa ba, haƙoransa duk suna nan. Ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen daji, da kukan wasu tsuntsaye da babu su a Kano.

Ranar Alhamis matata Kulu ta tashe ni da kwanon fura.

"Malam, wa kake ce wa kwanta, kwanta, tun ɗazu?"

Na ba ta labari duka. Ta zauna a dokin ƙofa tana fifita da mayafi.

"Tsofai-tsofai da kai, gemu fari, kana wasan talabijin. To amma ni tun da na zo gidan nan kake ba mu labarin Harunan nan, ban taɓa jin inda aka ce kwanta ya kwanta ba. Kai kake so ka mai da shi Ɗanliti."

Na ce mata mata ba su san yaƙi ba. Amma furar nan ban san na shanye ta ba.

Ran Juma'a ina sallamewa na wuce shagon. An riga an jingina tutar jam'iyya a bango, mai fenti na jiran a kwashe kaya. Mutumin Unguwa Uku yana tsaye da kwali a hammata. Ashiru ya roƙe shi ya ɗan dakata wa tsoho.

Rai na farko yatsana ya ci amanata, ya kwantar da shi. Na biyu na miƙar da shi, ya kai tsakiya, daidai inda na san zai faɗi, ya faɗi.

"Saura ɗaya," in ji Inuwa, kuma wannan karon bai yi dariya ba.

Na cire ɗan alina daga kan maɓalli na sa babban yatsa. Na ce, "To Haruna, yi yadda ka saba."

Ya zabura. Ƙarar fanka ta ɓace, hayaniyar titi ta ɓace. Katako na ƙara a ƙarƙashin takalminsa, ina ji a tafin ƙafata. Garwashin nan na tahowa, yana tsallake wannan, yana ratsa wancan, bindigarsa na zuba ba ta cije ba, ba ta yi zafi ba. Yau kam na gode Allah da bindigar ƙarya ce. Ya wuce tsakiya. Daga nan ban san hanya ba, ban taɓa ganin wannan rabin gadar ba, shi ne yake jana. Wani abu ya fashe a bayansa, gadar ta fara zubewa cikin ruwa katako bayan katako, shi kuwa ƙirji a gaba. Ya yi tsalle ɗaya mai tsawo, ya daɗe a sama kamar shirwa, ya dira a kan ciyawa.

Shago ya kaure. Inuwa ya ɗaga hannuna sama yana cewa, "Sai Kofur! Ci gaba, Baba, akwai tankar yaƙi a gaba!"

Na ajiye hannun a kan benci. Ashe in ba ka taɓa komai ba, tsayawa yake yi. Ga shi nan a gindin kwakwa, bindiga a saɓe, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Numfashi yake yi. Na matsa kusa da gilashin ina kallonsa, inuwar ganye na wasa a fuskarsa.

Mutumin Unguwa Uku ya yi gyaran murya. Ashiru ya kai hannu wajen soket ya ce, "Baba, in kashe?"

"Kul! Kada ka sake faɗin wannan kalma a kansa."

"To ya zan yi? Mutum na jira."

"Bari in fita tukuna. In na sha kwana, ku yi abin da za ku yi, kada wanda ya ba ni labari."

Na gyara hulata, na juya wa talabijin baya, na fito cikin rana. Inuwa ya biyo ni da babur ya ce in hau ya kai ni Tarauni. Na ce ya bar shi, da ƙafa zan tafi.

Ni dai a tsaye na baro shi, a ƙetare.