Kunnen Baba Tanimu

Tun hantsin Asabar Baba Tanimu kafinta ya shimfiɗa tsohuwar rediyonsa a kan tabarma, yana yi mata hidima kamar jaririya. Ya goge ta da tsumma, ya sa mata sabbin pil, wato batura, ya ja eriyarta har ta kusa taɓa rufin rumfa. Matarsa Zalika tana gefe tana tsintar shinkafa, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Gobe Guduma a kunnena take," in ji shi. "In na ji daidai, mun tsira."

"In kuma ba ka ji daidai ba fa, Bagobiri?"

"Ke dai tsinci shinkafarki."

Guduma ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta kafintoci da masu sayar da katako na kasuwar Katako a Yamai. Su biyar suka kafa ta, huɗu sun riga mu gidan gaskiya, saura Tanimu, wanda ya sassaƙa mata turakun raga na farko da hannunsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana buga gasar ƙasa a rukuni na ɗaya. Bana kuwa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An doke su a Maraɗi, an lallasa su a Agadas, har gida aka biyo su aka yi musu cin kaca. Yanzu saura wasa ɗaya, kuma ƙungiya ɗaya za ta faɗa rukuni na biyu: ko Guduma, ko Masunta, wata ƙungiya ta wani gari a bakin kogi can wajen Tilaberi.

Lissafin ba wuya. Makinsu ɗaya, amma Guduma ta fi yawan ƙwallaye. In Masunta suka yi kunnen doki, kunnen doki ya ishi Guduma. In Masunta suka ci wasansu, dole ita ma Guduma ta ci nata. Wadda za ta kara da ita kuwa Walƙiya ce, ƙungiyar ma'aikatan unguwar Plateau, mai neman maki ɗaya tak ta ɗauki kofin bana.

Za a buga wasannin biyu lokaci guda, ƙarfe huɗu. Na Masunta ba mai watsa shi sai wata 'yar rediyon garinsu, da Zabarmanci zalla, rezo kuma, wato sabis ɗin salula, a can sai ya ga dama yake zuwa. A duk Katako rediyon Tanimu kaɗai ke kamo tashar, ita ma sai an hau can ƙololuwar tiribin, mazaunin 'yan kallo, kusurwar yamma. Saboda haka Nasiru mai horar da 'yan wasa ya shirya alama da shi. Muddin jar hular Baba tana kansa, a kwantar da hankali. In ya ɗaga ta sama, Masunta suna gaba, kowa ya tafi neman ƙwallo.

A wajen taron shirya alamar wani ya yi karambanin cewa a haɗa Baba da Bazabarme ɗaya ya taya shi saurare. Tanimu ya dube shi sama da ƙasa.

"Shekarata talatin a Yamai, matata Bazabarma, yau ni za a ɗauko wa tafinta?"

Aka bar maganar a nan.

Gaskiyar magana kuwa, Zabarmancin Tanimu bai wuce cikin cokali ba. Ya iya gaisuwa, ya iya zagi biyu, sauran kuma da gyaɗa kai yake cika su. Kalmar da ta fi rufa masa asiri ita ce "oho", don a Zabarmanci tana nufin e, a Hausa kuma kowa ya san abin da take nufi, sai mai sauraro ya zaɓi wanda ya yi masa. Mutum ɗaya ce a duniya ta san iyakar tafkin, ita ce mai tsintar shinkafar nan.

"Bari in bi ka filin," Zalika ta ce. "In zauna kusa da kai kamar na zo kallo. Ba wanda zai sani."

"Duk Katako za ta sani."

"To ƙirga mini, daga ɗaya zuwa uku."

"Afo."

"Sai me?"

"Ihin… ke, ni ɗan lakwal ɗinki ne, da za ki yi mini darasi?"

Ta yi dariya har shinkafa ta zube daga faifai. A Zabarmanci biyu ita ce ihinka, uku kuma ihinza. Shekara ashirin da bakwai suna tare, har yau bai raba 'yan biyun nan ba. A kasuwa da yatsu yake fitar da kansa.

Ranar Lahadi filin ya cika tun azahar. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Sumana, maƙwabcin rumfarsa, Bazabarme mai sayar da katako, abokin wasansa na shekaru, wanda ya mutu a kan Walƙiya. Ya sha riga ruwan bula har da tuta a kafaɗa.

"Bawana, ka zo ganin jana'izar Guduma?" in ji Sumana. "Kawo rediyon in riƙe maka, kar ta fi ƙarfinka."

"In ba ɗan leƙen asirin Plateau kunnena? Wuce ka nemi inuwa, yau kofin nan da ido za ka sha shi."

Ya hau matakala yana haki har ƙololuwa, ya ja eriya, ya toshe kunne ɗaya da wayar saurare. Ya zo da dabararsa ta kafinta, wato ƙusoshi a tafin hannu. Ba ya buƙatar jin kowace kalma. In mai sharhi ya kurma ihun an ci, ya ambaci Masunta, ƙusa ɗaya ta shiga aljihun dama. In baƙinsu ya ambata, ta shiga na hagu.

Dabarar ta yi aiki kuwa. A nan gabansa Walƙiya ta fara ci a minti na ashirin, Faruk ɗan gaban Guduma ya rama da ka ana dab da hutu. A can bakin kogi ana ta ruwan ƙwallaye, har aka kai ƙusa biyu a dama, biyu a hagu. Hula na kai daram. Tanimu ya fara jin kansa, har yana gyaɗa kai yana cewa "oho, oho" don na kusa su san ana fahimta.

Da aka dawo hutu sai wasa ya zama zumunci. Ɗaya da ɗaya ya ba Walƙiya kofi, ya bar Guduma a rukuninta, to wa zai tayar da fitina? 'Yan baya suka yi ta miƙa wa juna ƙwallo kamar masu raba goron suna. An riga an fito da kofin an ɗora a tebur, an ɗaura masa ƙyalle ruwan bula. Magoya bayan Walƙiya sun fara waƙa. Lokaci-lokaci Nasiru yakan ɗaga kai ya dubi kusurwar yamma, ya ga ja a kan tsoho, ya koma ya zauna.

Saura minti goma sai ihu ya fashe a kunnen Tanimu. Ya ji an ce Masunta. Daga nan tashar ta shaƙe, ta koma shuuu, sai can ƙasa muryar mai sharhi ta ɓullo tana faɗin sakamako: "Ihin…" Iska ta kwashe sauran.

Ya miƙe tsaye, ƙusa a hannu, bai san aljihun da zai sa ta ba. Ihun bai yi tsawon na ɗazu ba, amma ihu ne. Tsoro ya kama shi sosai. In Masunta sun ci ta uku ya yi shiru, Guduma za ta faɗa rami tana tafiyar hawainiya, kuma shi ne ya riƙe mata fitila. Muryar ta sake dawowa, ya kasa kunne iyakar ƙarfinsa, ya ji wani abu mai kama da ihinza. Ko ihinka. Ya runtse ido ya cire hula ya ɗaga sama.

Nasiru ya gani. Ya yi tsalle daga benci kamar an ɗana masa wuta, ya fitar da ɗan baya ɗaya, ya tura Lawali, wani dogon ɗan gaba da bai ci ko ɗaya ba duk bana. Ya yi ta kaɗa hannu yana kora kowa gaba.

A daidai lokacin tashar ta washe tas, kamar mai sharhin yana zaune a kafaɗarsa. A hankali, dalla-dalla, ya ce: "Ihinka nda ihinka."

Kalma ɗaya, sau biyu. Ko Bagobiri ya san abin da wannan ke nufi. Biyu da biyu ne, ba a ci komai ba, wataƙila alƙalin wasa ya kashe ƙwallon ne.

Tanimu ya maida hula kai da sauri. Ba mai kallonsa. Ya cire ya kaɗa ta don Nasiru ya waiwayo, ya mayar, ya sake cirewa. Mutanen Katako da ke ƙasa da shi suka ga Baba yana kaɗa hula, suka ɗauka ƙarfafa gwiwa ne, sai kowa ya tuɓe tasa. Kafin ka ce me, kusurwar yamma gaba ɗaya huluna ne a sama, masu ɗankwali ma sun kwance suna kaɗawa.

"Ku koma baya," yake cewa. "Ku koma, kuskure ne."

"Gaba dai, Baba ya ce gaba," in ji na kusa da shi, ya miƙa saƙon ƙasa.

Walƙiya ta fusata da wannan cin amana. Da ma sun fi gudu, ga gidan Guduma a buɗe. Suka kwaso ƙwallo su uku a kan ɗan baya ɗaya, aka buga, ta daki turke ta dawo. Suka sake zuwa, Isaka mai tsaron gidan Guduma ya ture ta da yatsun ƙafa. Tanimu ya zauna a kan siminti. Ya tuna abokansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, da ranar da suka haƙa ramin turakun farko. Kunya ta rufe shi. Abin da suka bar masa amana, ga shi zai kashe shi da bakinsa saboda ya ƙi cewa bai iya ba.

Saura minti ɗaya Guduma ta sami bugun kusurwa. Faruk ya ɗago ta, mai tsaron gidan Walƙiya ya fito ya naushe ta, ta tafi ta sami Lawali a ƙeya, shi kuwa yana kallon wani wajen. Ta yi sama, ta sauko a hankali, ta faɗa raga. Lawali ne na ƙarshe da ya san ya ci.

Filin ya kece. Ana rungumar Tanimu, ana jijjiga shi, shi kuwa hannunsa na kan kunne, don can ma wani ihun ya tashi, dogo, irin na gaske, har muryar mai sharhin ta dushe. Sannan ya faɗi sakamako, kuma karo na farko a rayuwarsa Tanimu ya ji bambancin ƙarara, kalmar farko tana zuuu a ƙarshe kamar ƙudan zuma: "Ihinza nda ihinka."

Ya jefa ƙusa a aljihun dama, ya laluba ya ƙirga. Uku. Masunta sun ci wasansu a minti na ƙarshe. Da hular nan ta zauna a kansa, da yanzu Guduma tana rukuni na biyu.

Aka busa tashi. Aka kwance ƙyalle ruwan bula daga jikin kofin, don ya zama na wata ƙungiyar Damagaram. 'Yan wasan Guduma suka hau har ƙololuwa suka sauko da tsoho a kafaɗa, rediyo a ƙirjinsa, eriya tana tsokanar idon jama'a.

A bakin ƙofa Sumana yana jiransa, ya naɗe tutarsa ya cusa a hammata.

"Ka raba ni da kofi, Allah ya isa tsakanina da hularka," ya ce. "Amma tsaya. Yanzu ɗan'uwana ya samu rezo ya kira ni daga can. Ya ce a minti na casa'in aka ci ta ukun. Kai kuwa saura minti goma ka ɗaga. Yaya aka yi?"

Tanimu ya gyara zaman hula.

"Wanda ya ji harshe sosai," ya ce, "tun daga muryar mutum yake gane abin da ke tafe."

Sumana ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi masa wata doguwar magana da Zabarmanci.

"Oho," in ji Tanimu.

Sumana ya fashe da dariya har tutar ta faɗi, bai dai tona shi ba.

Labari ya riga shi isa gida. Kafin a kira magariba an ce Baba Tanimu yana jin Zabarmancin da ba a riga an faɗa ba, wata maƙwabciya har ta aiko tambaya ko zai saurara mata ranar da mijinta zai dawo daga Kwatano. Da ya dawo daga masallaci ya tarar Zalika ta shimfiɗa tabarma, ta zuba shinkafa, tukunyar miya na gefenta.

"An ce ka ji ƙwallo tun ba a ci ta ba."

"Haka suka ce."

Ya zauna, ya zazzage ƙusoshin aljihunsa a kan tabarma, biyu a nan, uku a can. Ta dube su, ta dube shi. Ta ɗauki ludayi ta buɗe tukunya.

"Nama nawa zan sa wa gwanin Zabarmanci? Ihinka ko ihinza?"

Ya saci kallon ƙusoshin, ya sosa ƙeya.

"Wanda ya fi yawa."

Ta tsamo tsoka ta farko ta ɗora a kan shinkafar. "Afo," ta ce a hankali. Ta tsamo ta biyu. "Ihinka." Ta dakata da ta ukun a cikin ludayi, tana jira.

Tanimu ya waiwaya ya tabbata ƙofar gida a rufe take, sannan ya matso kusa.

"Sake faɗin ta biyun," ya ce.