Ranar da Na Shiga Cikin Injin Baba

Jiya da dare, ina gama kife kwanuka na kwanta, sai ga wani mafarki.

Na gan ni a tsakar gidanmu, wato gidan su maigidana, inda aka kawo ni wata bakwai da suka wuce. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai rana daga cikin rijiya ta fito, kaji kuma da baya suke tafiya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni reshen darbejiya ne. Babban reshen nan da ya miƙo ta saman ɗakina ya karye tun ranar Alhamis, yana ta faɗowa, amma bai iso ba tukuna. A garin nan abu ba ya faɗuwa da gaggawa. Har kurciyoyi sun samu wurin zama a kansa.

Uwale, ƙanwar maigidana, tana tsaye a kan turmi tana auna tsakanin reshen da kwanon rufi.

"Matarmu, saura kamu huɗu," in ji ta. "La'asar na yi zai sauka. Ki je ki yi wa kekenki ban kwana."

Keken ɗinkina yana cikin ɗakin. Da shi na zo daga gidanmu, da shi nake yi wa matan unguwa ɗinki, kuma in gidan ya yi mini girma, gabansa nake zama in ji daɗi. Na ruga zan fitar da shi, na tarar yana kwance a kan ƙwai bakwai. Ina miƙa hannu ya ɗaga allura zai sare ni.

"Kwanci yake yi," in ji Uwale daga waje. "In kin ɗaga shi ƙwan sun lalace, shi kuma ba zai sake yi miki ɗinki ba."

"To ina yayanki? Ya zo ya yi wani abu mana."

"Inna ta wanke shi. Ga shi can a igiya, bai bushe ba."

Na duba, haka ne. Ya ɗaga mini hannun riga, ruwa na ɗiga.

Saura Baba, mahaifin maigidana. Yana zaune a gindin bishiyar da farar babbar rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, tsohon injinsa na yankan itace a gabansa. Injin ya girme ni. Jan fentinsa ya koɗe, an ɗaure hannunsa da roba. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce wa Baba komai ba sai "Ina kwana" da "Ina wuni", su ma a durƙushe, idona a ƙasa. Takalmansa na fi sani da fuskarsa.

Baba ya ja igiya, injin ya tashi. Ya ɗora shi a kan wani gungume don gwaji, sai hayaƙi da warin ƙuna. Sarƙar yankan ta bushe ƙamas, ko ɗigon mai ba ya zuwa mata. Ya kashe.

"Ƙishirwa nake ji, Malam," in ji sarƙar. "In ka sa ni a reshen nan haka, tsinkewa zan yi."

"Famfon mai ne ya mutu," in ji Baba. Ya faɗa wa iska, ba kowa ba. "Kuma an daina ƙera irinsa."

Ni kuwa na san keke. In ya ƙi shan mai, ba mutuwa ya yi ba, wata 'yar kafa ce ta toshe. Amma wa zan gaya wa? Na jira sai da Baba ya juya yana gaisawa da wata tunkiya da ta zo jaje, na lallaɓa na buɗe murfin tankin mai, na leƙa.

Sai na gan ni a ciki.

Tasha ce babba, cike da fasinja. Dukkansu ɗigon baƙin mai ne, tsofaffi, sun zazzauna a benci, kowa da ƙunshin kaya a cinya. Wani mai furfura ya matsa mini na zauna.

"Baba, ina za ku?" na tambaye shi. Abin mamaki, a nan bakina bai yi nauyi ba.

"Wurin sarƙa, 'yata. Tun bara muke nan. Mu da kike gani tsofaffin ma'aikata ne. Ni shekara biyu na yi a cikin injin tirela, har Legas na sani. Da aka juye mu, surukinki ya karɓo mu a jarka."

"Wannan kayan fa?"

Ya kwance ƙunshinsa. Yashi ne, da garin ƙarfe, da wani guntun zare.

"Tsarabar hanya," in ji shi. "Ba wanda ya ce mu ajiye a waje."

Ƙofar fita daga tashar wata 'yar rariya ce, wani kwaɗo yana gadinta da hular kwano. Duk kafofinta sun toshe da ƙunshin fasinja. Kwaɗon ya ce shi aikinsa ya hana kaya wucewa, kuma ya hana, sai dai mutanen ma sun daina wucewa. Na ce ya ba ni kananzir. Ya cire hular kwanon, ashe cike take da shi. Na tsuguna na wanke rariyar tas, kamar zan tankaɗe garin tuwo, har sai da na hango haske ta cikinta.

Daga sama na ji muryar Uwale kamar tsawa: "Saura kamu biyu! Matarmu, ko kin gudu gidanku ne?"

Sai ga ni a wani dogon lungu mai duhu, bangonsa na roba. Tiyon da mai yake bi ke nan. Can kusa da ƙarshensa ya tsage, iska tana shigowa ta wurin tana fito.

"Tsufa ne," in ji tiyon. "Dā ni mai laushi ne. Duk wanda ya samu ya wuce rariya, ta nan yake zurarewa, ya faɗa cikin injin. Sai a ce Malam injinsa yana fitsarin kwance."

Na duba da kyau. Tsagar a baki take, kuma tiyon yana da sauran tsawo. Na laluba ƙuguna na ji almakashina.

"A hankali, 'yar nan."

Na datse wurin da ya tsage, na tura sabon bakin a mazauninsa har ya kama gam. Tiyon ya yi ajiyar zuciya, ya sa mini albarka, ya ce in gaida mutanen gida.

Gaba kaɗan na ji daka. Wani ɗan ɗaki ne, wata tsohuwa tana tsaye da taɓarya a kan turmi ƙanƙane, tana ta kirɓa, ba komai a ciki.

"Sannu, Iya. Ke ce famfo?"

"Ni ce. Duk bugu ɗaya ɗigo ɗaya nake turawa. Wata nawa ina dakan iska, ba wanda ya leƙo ya ce mini sannu. Me ake cewa a waje?"

Na sunkuyar da kai. "Cewa ake kin mutu."

Ta ajiye taɓarya ta riƙe haɓa. "Ni? Wa ya faɗa?"

"Baba."

"Yaron nan da na san shi ba shi da gemu? Ki ce masa haƙorana duka suna nan." Ta buɗe baki, na ƙirga, ba wanda ya lalace. "A kawo mini mai kawai a gani."

Ƙofa ta ƙarshe wata 'yar huda ce a jikin faffaɗan ƙarfen da sarƙar take zagayawa. Garin katako ya haɗu da tsohon mai ya daskare a cikinta kamar ƙanzo. Wani tsinken tsintsiya yana wucewa a kan keke, na tsayar da shi na roƙe shi. Muka yi ta tono, shi yana ƙorafin cewa ya makara zuwa suna. Muka bi kwarin da sarƙar take kwanciya muka share shi daga farko har ƙarshe. Da hudar ta buɗe na sa kai na fita.

Na dawo tsakar gida da girmana. Tankin injin yana nan wankakke, ba kowa a ciki, fasinjan duk sun koma jarka da kayansu.

"Saura taƙi ɗaya," in ji Uwale. Yanzu ta daina dariya. Ganyen reshen ya fara shafar kwano, kurciyoyi sun kwashe nasu sun tashi.

Baba ya gama da tunkiya. Ya juyo, ya ɗauki jarkar baƙin man, ya karkata ta a bakin tanki. Haka zai zuba, da yashin da komai.

Na durƙusa. Na kalli turmin da Uwale take kai, na yi ƙasa da murya.

"Turmi, don Allah ka ce wa Baba a tace man tukuna."

"Wa? Ni?" in ji turmi. "Ni ma surukina ne. Shekara ashirin ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba."

"Uwale, ke fa?"

"Hannuna yana awo, bakina yana ƙirga. Ke da kika shiga ciki ai ke kika gani."

Bakin jarka ya kai. Na ga ɗigo na farko, tsohon nan na tirela, ya leƙo da ƙunshinsa a ka.

"Baba, tsaya!"

Kaji suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Maigidana ya bushe nan take a kan igiya.

Tunda na riga na fara, sai na ƙarasa. Idona yana kan takalmansa, amma murya ta fita. "Famfon bai mutu ba, Baba, tana gaishe ka. Man ne yake da datti, shi ya toshe rariya. In ba a tace ba, komawa zai yi."

Baba ya ajiye jarkar. Sannan ya cire hularsa, ya kifa ta a bakin tanki, ya zuba man ta cikinta. Tsofaffin suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ajiye ƙunshinsa a hula yana gunaguni. Da ya gama ya zazzage yashin, ya mayar da hular kansa.

"Sai gwaji," in ji sarƙar. "A nuna bakina ga wani abu fari a tayar. In mai yana zuwa, za ku ga na fesa layi."

Muka nemi fari a gidan, babu. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa ya tafi kasuwa. Nonon da ke ƙwarya ya ce shi yau shuɗi ne. Uwale ta kalle ni, na kalle ta, mu duka muka kalli babbar rigar Baba.

"Saura yatsa uku," in ji ta a hankali.

Wannan karon ban nemi turmi ba. "Baba, ko za ka ɗan tsaya can, ka baza rigar?"

Ya tashi, ya ja baya taku biyar, ya buɗe hannuwa kamar zai tashi sama. "Wanda ya gyara shi zai tayar," in ji shi. "Haka dokar garin nan take."

Na taka hannun injin da ƙafa yadda na saba ganin yana yi ta labulen ɗakina. Na ja igiya, ya yi tari. Na sake ja, ya yi sallama. A na uku ya ɗauka da wata ƙara da ban taɓa zaton za ta fito daga hannuna ba. Na ɗaga shi, na nuna bakinsa wajen rigar, na matsa maɓallin ba shi wuta.

Da farko ba komai. Can ciki na ji Iya ta soma daka da gaske. Sai ga ɗigo, sai ga wani, sai ga baƙin layi ya miƙe a kan farar riga tun daga ƙirji har ƙasa, ɗigo bayan ɗigo, kamar ɗinkin da ba a yi kuskure ba.

Uwale ta rangaɗa guɗa. "Matarmu ta ɓata rigar Juma'a! Wallahi sai na ba kowa labari a bakin rijiya!"

Baba ya dubi rigarsa, ya shafa layin da yatsa, ya sansana, ya yi murmushi. Ashe yana da wushirya, ban taɓa sani ba. Ya karɓi injin, ya taka iska kamar matakala ya hau. Sarƙar tana sheƙi, tana waƙa, ta shiga reshen kamar wuƙa a kabewa. Kowane gungume da ya yanke sai ya sauko da ƙafarsa, ya nufi madafa, ya jera kansa. Na ƙarshe saura ƙiris ya taɓa kwano Baba ya tare shi da tafin hannu.

Daga ɗakina na ji tsiyau-tsiyau. Kekena ya fito tsakar gida yana taƙama, ƙananan kekuna bakwai suna bin sa a baya, kowanne da ɗan zarensa.

Baba ya sauko ya kashe injin. Ya zo gabana, ya tattara rigarsa, ya durƙusa. Ni ma na durƙusa. Ya ƙara yin ƙasa, ni ma na ƙara, har haɓarmu ta kusa taɓa ƙasa. Ya buɗe baki zai yi mini magana, na kasa kunne da kyau, don wannan ce ta farko.

Abin da ya fito shi ne ƙarar guga tana bugun bakin rijiya. Ƙwal. Ƙwal.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Uwale ce take jan ruwa, tana jan gugar da gangan don ta tashe ni.

"Matarmu! Baba ya fito tun ɗazu, ba za ki zo gaisuwa ba?"

Na tuna abin da na ce masa, da yadda na ɗaga murya, da rigar. Na ja zane na rufe fuskata.

"Ki ce ina zuwa," na ce daga cikin zanen.